Layin da Ba Ya Tsallake Ɗan'uwansa: Sharhi Kan Wasan Haɗa Ɗigo

Dokar wasan gajeriya ce. Ana ba ka fili mai kusurwa huɗu da aka yanka gida-gida. A cikin wasu gidajen an ɗiga launuka ko an rubuta lambobi, kowanne da abokinsa: ja da ja, kore da kore, ko 1 da 1, 2 da 2. Aikinka shi ne ka ja layi daga kowane ɗigo har ka kai shi ga abokinsa, kana tafiya sama ko ƙasa, hagu ko dama, ban da yanke ta kusurwa. Layi ba ya tsallake layi, ba ya rabuwa biyu, kuma layuka biyu ba sa haɗa gida ɗaya. Iyakarta ke nan. Yaron firamare zai fahimce ta kafin ka rufe baki, amma fili mai gida goma sha biyar a tsaye da goma sha biyar a kwance yana iya zaunar da babban mutum daga la'asar har magariba yana gogewa yana sake zanawa.

Yawancin masu buga shi a yau ta wayar hannu suka san shi, musamman ta manhajar Flow Free wadda kamfanin Big Duck Games na Amurka ya fitar a 2012, mai bututu kala-kala a kan baƙin fili. Shi ya sa wasu ke ɗauka wasan ɗan zamanin waya ne. Ya girmi manhajar da fiye da shekara ɗari. A 1897 Sam Loyd, shahararren mai ƙirƙira wasannin ƙwaƙwalwa na Amurka, ya buga wani nau'insa a jaridar Brooklyn Daily Eagle. A 1917 takwaransa na Ingila, Henry Dudeney, ya sa wani a littafinsa Amusements in Mathematics: direbobi takwas kowa zai tashi daga gidansa ya tafi cocinsa, kuma ba a yarda wani ya tsallaka sawun motar wani ba. Amma waɗanda suka rene shi har ya zama abin da muka sani yau mutanen Japan ne, ta hannun kamfanin Nikoli na Maki Kaji da abokansa, waɗanda suka fara buga mujallarsu a 1980. Su suka yaɗa shi da sunan Numberlink idan lambobi ake haɗawa, Arukone kuma idan haruffa ne. Wannan Nikolin ne dai ya ɗauki wani wasan lambobi da aka fara bugawa a Amurka a 1979 ya raɗa masa suna Sudoku. Maki Kaji ya rasu a 2021.

Kafin mutum ya fara koyon dabara, akwai abin da ya kamata ya tantance, domin a nan ne ake yawan ruɗewa. Wasan iri biyu ne, ko da yake fuskarsu ɗaya. A na Flow Free doka ce sai ka cike kowane gida. Ko ka haɗa launukan duka, in ka bar gida ɗaya babu layi, ba ka ci ba. A na Nikoli babu wannan dokar a rubuce. An ce ka haɗa lambobin ne kawai. Sai dai mai shirya wasan ya ɗaura wa kansa wani sharaɗi da ya fi wannan tsauri: amsa ɗaya tak za a samu. Daga wannan sharaɗin abubuwa biyu suke fitowa. Na farko, galibi amsar takan cike filin gaba ɗaya, domin gidan da aka bari fayau yakan ba wani layi damar ya ɗan karkata ya bi ta cikinsa, ka ga amsa ta zama biyu. Na biyu, layi ba zai yi kwana ya dawo ya jingina da jikinsa ba, domin da ya yi haka da sai a yanke kwanar a bi gajeriyar hanya, nan ma amsa ta zama biyu. Wanda ya riƙe waɗannan biyun ya riƙe rabin wasan.

Kuskuren ɗan koyo a ko'ina iri ɗaya ne. Idonsa na kan ɗigogi. Ya ga ja nan, ya ga ja can, sai ya miƙa layi ta hanya mafi kusa, ya koma kan kore. Kafin ya kai launi na huɗu ya datse filin gida biyu, shuɗi ɗaya yana wannan ɓangare, abokinsa yana wancan. Sai ya goge ya sake. A ƙaramin fili wannan gwada-ka-gani yana kai mutum, shi ya sa matakan farko na manhajojin waya suke sa kowa ya ji shi gwani ne. Da filin ya girma sai abin ya tsaya cak. Gwanayen wasan ba ɗigogi suke fara kallo ba. Gidajen da babu komai a cikinsu suke kallo, suna tambayar kowanne: ta ina za a shigo maka, ta ina za a fita?

A fara da kusurwa. Gidan da ke tsakiyar fili maƙwabtansa huɗu, na gefe uku, na kusurwa biyu rak. Idan kusurwa babu ɗigo, kuma dole layi ya ratsa ta, to babu zaɓi: ta maƙwabci ɗaya zai shigo, ta ɗayan ya fita. Za ka iya zana wannan lanƙwasar tun ba ka san launinta ba. Wannan shi ne darasin da ya fi yi wa mutane wuyar karɓa, wato a zana guntun layi a tsakiyar babu, ba a jone da kowane ɗigo ba. A waya ma ba ya yiwuwa, domin manhajar tana so ka fara daga ɗigo; a takarda ne ake ganin amfaninsa. To, a wasan da layi ba ya jingina da kansa, lanƙwasar kusurwa tana haifar da wata. Hannayenta biyu dole su miƙe su bi bango, domin in ɗayansu ya karkato ciki zai taɓa ɗan'uwansa. Gidan da ke cikin lanƙwasar kuwa yanzu an tare masa ɓangare biyu, ya zama sabuwar kusurwa. In shi ma babu ɗigo a cikinsa, sai ya yi tasa lanƙwasar, na cikinsa ma haka, suna ta jeruwa a karkace zuwa tsakiyar fili har sai an ci karo da ɗigo. Daga kusurwa huɗu kawai mutum yana iya cike wani babban yanki na filin ba tare da ya yi cinke ko sau ɗaya ba.

Sai bango. Layin da ɗigoginsa biyu suke jikin bango, ta ko'ina ya bi, sai ya raba filin biyu. Saboda haka kafin ka ja shi, duba sauran: kowane launi dole ɗigoginsa biyu su faɗa ɓangare ɗaya. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa layin nan ba miƙewa zai yi ba, zagaye zai yi ta bayan wasu, ya bi bango ya bar musu tsakiya. Abin ya yi kama da burtali: ba a yanka shi ta tsakiyar gonaki don a nan ne kusa, ana bi da shi ta gefe ne don kowa ya samu isa gonarsa. In kuma ka zagaya bango ka tarar da ɗigogi sun jeru ja, kore, ja, kore, to ajiye alƙalami, wannan fili ba shi da amsa. Da zarar ja ya haɗu da ja, ya killace kore ɗaya. Abin da ido ke gani a sarari ne, amma tabbatar da shi a lissafi ya ba masana aiki. Yana da alaƙa da ƙa'idar da Bafaranshe Camille Jordan ya kawo a 1887, cewa rufaffen layin da bai tsallake kansa ba yana raba fili gida biyu, ciki da waje.

Akwai kuma ƙidayar mashiga. Yayin da layuka suka fara yawa, fili yakan tsuke a wasu wurare, ya bar ƙofa mai faɗin gida ɗaya ko biyu. Ƙirga launukan da dole su bi ta ƙofar. In faɗinta gida biyu ne kuma launi uku ke jiran wucewa, wani layi da ka ja a baya ba daidai yake ba, kuma gara ka gano yanzu da ka gano bayan ka cike sauran filin. Haka nan duk wani yanki da aka kewaye, in babu launin da zai iya shiga ya fita, ko ɗigogi biyu masu launi ɗaya a cikinsa, mataccen yanki ne.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce wadda ba a ganinta a fuskar wasan sam. Ka ɗauka an shafa wa gidajen baƙi da fari, ɗaya bayan ɗaya, yadda kowane baƙin gida maƙwabtansa farare ne. Duk takun da layi ya yi sai ya sauya launi: daga baƙi zuwa fari, daga fari zuwa baƙi. Ke nan layin da ya tashi daga baƙi ya ƙare a fari ya ci baƙaƙe da farare daidai wa daida, wanda kuwa ya tashi daga baƙi ya ƙare a baƙi ya ci baƙaƙe da rarar ɗaya. Yanzu ɗauki fili mai gida shida-shida: gida 36, baƙi 18, fari 18. A ce layi ɗaya ake so ya tashi daga kusurwa, ya ratsa kowane gida, ya ƙare a kusurwar da ke fuskantarta ta karkace. Kusurwoyin nan biyu launinsu ɗaya, don haka layin zai buƙaci rarar gida ɗaya na wannan launi, kuma babu ita. Ko shekara za ka yi kana gwadawa ba zai yiwu ba. A fili mai gida biyar-biyar kuwa, gida 25 ne, 13 da 12, kusurwoyin suna cikin sha ukun, sai abin ya yiwu cikin sauƙi. Wannan ƙidaya tana aiki sosai a wasannin da layi ɗaya ke cike fili, irin Zip da dandalin LinkedIn ya shigo da shi a 2025, inda ake bin lambobi a jere daga 1 har ta ƙarshe.

Akwai muhawara tsakanin masu wasan a kan wata dabara guda. Mutum ya iso wani wuri ya ga in ya bi ta dama, gaba za a samu hanyoyi biyu da duk suke aiki. Tunda an ce amsa ɗaya ce, sai ya yanke cewa dama ba daidai ba ce, ya bi hagu. Wasu na ganin wannan ba warwarewa ba ce, dogaro ne da amanar mai shiryawa. A ganina a Numberlink ba a iya kauce mata, domin kamar yadda aka gani a sama, dokar kada layi ya jingina da kansa daga nan ta fito. Sharaɗin dai shi ne ka san wanda ya shirya wasan ya cika alƙawarinsa. In a manhajar da ke zubo filaye barkatai kake, wannan dabara tana iya kai ka ta baro.

Dangin wasan suna da yawa, kuma Nikoli ce ta fito da fitattunsu. A Slitherlink, na 1989, zobe ɗaya ake zanawa a kan iyakokin gidaje, lambar da ke cikin gida daga 0 zuwa 3 tana faɗin gefuna nawa zoben ya taɓa. A Hashiwokakero, na 1990, tsibirai ake haɗawa da gadoji, ba fiye da biyu tsakanin tsibiri da tsibiri ba, har sai duka sun zama a haɗe. Tsibiri mai lamba 8 ko mai 4 a kusurwa ba ya buƙatar tunani, gada biyu-biyu ta kowane ɓangare. A Masyu zobe ne yake ratsa fararen duwatsu a miƙe, yana lanƙwasa a kan baƙaƙe. Dokoki sun bambanta, amma idon da aka horar a ɗaya yana aiki a sauran: nemi wurin da babu zaɓi, ka fara daga nan.

Wani abin da wannan fanni ya koya wa masana tun da wuri shi ne cewa amsar wata tambaya ita ce "ba ya yiwuwa", kuma wannan ma amsa ce cikakkiya in an kawo hujja. Birnin Königsberg, wanda yau ake kira Kaliningrad a Rasha, a da yana da gadoji bakwai a kan kogin Pregel, mutanen garin suna ta neman hanyar da za su bi kowace gada sau ɗaya tak. A 1736 Leonhard Euler ya nuna cewa babu ita: duk yankin da za ka shiga ka fita yana buƙatar gadoji biyu-biyu, amma yankunan garin huɗu kowanne adadin gadojinsa mara ne. Tambayar "ta ina za a shigo, ta ina za a fita" ke nan, kuma daga wannan aiki nasa aka samu tushen wani reshe guda na lissafi. Haka tsohuwar tambayar gidaje uku da za a kai wa ruwa da gas da lantarki ba tare da bututu ya tsallake bututu ba, wadda Dudeney ma ya buga. Layi tara ake buƙata. Takwas suna shiga, na tara ba ya shiga a kan shimfiɗaɗɗiyar takarda ko ta yaya. Masu son tsokana sukan zana ta a jikin kofi mai hannu, inda layi na tara yake bi ta kan hannun kofin ya wuce. Ashe matsalar ba ta hankalin mai zane ba ce, ta siffar filin ce.

To kwamfuta fa? Ƙananan filaye irin na waya tana warware su kafin ƙiftawar ido. Amma an tabbatar cewa wasan, a kowanne daga cikin nau'o'insa biyu, yana cikin rukunin matsalolin da masana ke kira NP-complete. Hujjar nau'in da ake cike kowane gida ta fito ne a 2015 daga wasu masana da suka haɗa da Erik Demaine na jami'ar MIT. Ma'anar wannan a taƙaice: in an ba ka amsa, duba ingancinta ba wuya, amma har yau ba a san wata hanya mai sauri da za ta samo amsar kowane fili komai girmansa ba. Ko akwai irin wannan hanya ko babu, ita ce tambayar da Cibiyar Lissafi ta Clay ta sa wa ladan dala miliyan ɗaya a shekarar 2000, kuma ladan na nan ba a karɓa ba. Batun ba na wasa kaɗai ba ne. Wanda ya taɓa buɗe rediyo ko waya ya ga koren allon nan mai siraran layukan tagulla, ya ga Numberlink na gaske: dubban wurare ne da za a haɗa biyu-biyu ba tare da wata waya ta taɓa wata ba. Tun 1961 C. Y. Lee ya wallafa hanyar da kwamfuta za ta nemo wa waya ɗaya mafita a fili mai gida-gida. Nemo wa ɗaya ba wuya. Wahalar ita ce kada ta farko ta toshe wa ta ɗari hanya. Injiniyoyi sun samu sauƙi ne ta hanyar yin allon hawa-hawa, waya ta nutse ta bi ta ƙarƙashin wata ta ɓullo.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da ta fi shafar mai wasa: wane fili ne mai kyau? Nikoli ta yi suna ne da cewa mutane ke shirya wasanninta da hannu, da yawansu ma masu karanta mujallarta ne suke aikowa. Bambancin yana fitowa a wurin warwarewa. Filin da mutum ya shirya yana da mashiga: akwai wuri guda da aka bar maka ka fara, in ka gano shi sai ya buɗe maka na gaba, wani lokaci har da tarkon da aka ɗana don mai gaggawa, ɗigogi biyu dab da juna waɗanda layinsu sai ya zagaye rabin fili kafin su gamu. Kana ji a jikinka cewa wani ya zauna ya yi tunanin inda za ka yi tuntuɓe. Filin da inji ya zubo yana iya fin wannan girma da yawan launuka, amma sau da yawa ba shi da wannan zaren. Ko dai ya warware da kansa ba tare da ka yi tunani ba, ko ya tilasta maka cinke. Ba ina cewa duk na inji banza ba ne, akwai masu tace nasu da kyau. Ma'aunin dai ɗaya ne: shin kowane taku za ka iya faɗin dalilinsa? In amsar e ce, filin ya yi, ko wa ya shirya shi. Girma da yawan matakai ba su ne inganci ba, kuma manhajar da ke alfahari da dubban filaye ba ta gaya maka komai ba tukuna.

Sai a yi hattara da masu tallar cewa irin waɗannan wasanni suna ƙara basira ko suna kare mutum daga mantuwar tsufa. A 2016 hukumar kula da kasuwanci ta tarayyar Amurka ta sa kamfanin da ke da manhajar Lumosity ya biya dala miliyan biyu saboda ya yi irin waɗannan iƙirari ba tare da isasshiyar hujja ba. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne wanda ya yawaita wasan zai gwanance a wasan. Ni a wurina amfaninsa na zahiri ya isa ba sai an yi masa ƙari ba: yana saba wa mutum da bambance "ina jin haka ne" da "dole haka ne", kuma yana yin hakan ba tare da harshe ba. Ba ya buƙatar Turanci ko Faransanci ko Japananci, abin da ya sa gasar wasannin ƙwaƙwalwa ta duniya, wadda aka fara a New York a 1992, ta dogara da irin waɗannan wasanni da ɗan kowace ƙasa zai iya shiga.

Jera lambobi cikin gidaje bisa ƙa'ida ba baƙon abu ba ne ga malaman ƙasar Hausa. Muhammad bn Muhammad al-Fulani al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu da Larabci a 1732 kan hanyoyin gina hatimin da jimlar kowane layinsa take zuwa ɗaya. Hatimi daban, wasan haɗa ɗigo daban, amma duk biyun aikin mai haƙuri ne da ke bin gida-gida da hujja. Malamin lissafi na firamare ko sakandare da ke neman abin da zai koya wa ɗalibai ma'anar hujja da shi ba ya buƙatar wuta ko data. Ya zana fili mai gida shida-shida a allo, ya fara jan layukan amsar su cike filin, ya sa lambobi a bakin kowane layi, ya goge layukan, ya bar lambobin. Sa'an nan ya kafa doka ɗaya: ba wanda zai taɓa alli sai ya faɗi dalilin da ya sa layin ba zai bi ta wani wuri ba sai nan.

Kai kuma mai wasa a waya, gwada wannan a fili na gaba da ka buɗe. Kada ka taɓa ɗigon da ya fi kusa da abokinsa. Duba kusurwoyi huɗu tukuna, ka bi bango da ido, ka ƙirga mashigai, kuma ka bar maɓallin neman taimako ya huta. In ka kai wurin da babu abin yi sai cinke, kwafe filin a takarda ka zana guntayen layukan da ka tabbatar da su ko da ba ka san launinsu ba. In bayan wannan ma sai an yi cinke, laifin na wanda ya shirya filin ne, ka nemi wata manhajar ko littafin da aka shirya da hannu.